Lambar Alhaji da Littafin Majema

Shekara talatin da biyar na yi a sashen katalogi na laburaren nan, watan gobe kuma zan ajiye aiki. Shugabar laburare ta ce in rubuta muku wani abu kafin in tafi, ku sababbin ma'aikata. Da na so in ƙi. Na gaji, kuma abin da na faɗa da baki ba a ji ba, ban ga abin da zai sa a ji shi a takarda ba. Abin da ya sa na yarda shi ne maganar da ɗayanku ya yi ran Talata a bakin ƙofa, bai san ina bayan kanta ba. Cewa ya yi, "Aikin Baba Kati ai ba aiki ba na. Ka buga lamba, bayani shi hito, ka danna, ka tashi." Sauran suka yi dariya. Ban ji haushi ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne zan ba ku labarinsa, kuma zan bi shi daki-daki, don ban iya magana a hargitse ba.

Da farko ku san abin da katalogi yake. Jeri ne da ke gaya wa mai nema wane littafi muke da shi, wa ya rubuta shi, kuma ina yake zaune. Littafin da ba ya cikin katalogi ɓatacce ne, ko da yana kan kanta yana kallonku.

Littafin da na fara yi wa kati na noman shinkafa ne, mai koren bango. A lokacin takardar gama sakandare kaɗai nake da ita, aikina mayar da littattafai kan kanta. Shugaban sashen, Mista Bulus, mutumin Zuru, ya lura ba na barin littafi a karkace, sai ya kira ni teburinsa. Ya ajiye mini littafin, da farin kati, da fensir, da rula. Ya ce in rubuta. Cikin minti biyar na gama na miƙa masa ina jin kaina. Ya duba, ya yaga katin biyu.

"Umaru, daga ina ka ɗauko sunan?"

"Daga bango, Yallaɓai."

"Bango na mai sayarwa ne. Buɗe ciki."

Na buɗe. Sunan da ke ciki ya fi na bango tsawo, kuma marubutan biyu ne, ba ɗaya ba. Ya ba ni wani katin. Na sake rubutawa, ya sake yagawa, don ban duba shafi nawa ne ba. Kati na huɗu ne ya tsira, shi ma sai da ya ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka.

Tsarin da ya koya mini ke nan, kuma ban taɓa samun wanda ya fi shi ba. Ka fara ɗaukar littafin a hannunka. Ka buɗe shafin da ke ɗauke da suna, ka karanta. Ka juya bayansa ka nemi wanda ya buga da shekarar bugu. Ka tafi ƙarshe ka ga lambar shafin ƙarshe, sannan ka bi da babban yatsa ka tabbata ba a tsallake wasu ba wajen ɗinki. Ka sa rula ka auna tsayinsa. Ka karanta abin da zai ishe ka sanin a kan me yake magana. Bayan duk wannan ne za ka ba shi wurin zama a kanta, sannan ka je kan tafireta. Kati uku kowane littafi yake ci: ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da abin da yake magana a kai. Tafiretar tamu tana da harafi ɗaya da ke ɗan tsalle sama da 'yan'uwansa, har yau ko daga nesa na ga katin da na buga ina gane shi.

Akwatin katin kuwa kun gan shi a lungun sito, kuna ɗora kofunan shayi a kansa. Kowane aljihun akwatin yana da sandar ƙarfe da ke ratsa hudar da ke ƙasan kati, don kada wani ya zare. Sabon ma'aikaci ba ya zare sandar. Zai sa kati a inda yake ganin wurinsa ne, ya bar shi a bisa sanda, kansa a waje. Sai Mista Bulus ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi daidai ya zare sanda ya saukar da shi. Wata shida na yi katina na kwana bisa sanda. Ranar da ya ce, "Saukar da abinka," ban gaya wa kowa ba, amma na san na zama ma'aikaci.

Masu zuwa nema ba su canza ba tun daga wancan lokaci. Akwai ɗalibin da ke son duk abin da aka taɓa rubutawa a kan abin da malaminsa ya ba shi, kuma yana son sa kafin azahar. Akwai dattijon da bai san sunan littafi ba, bai san marubuci ba, abin da ya sani shi ne jan bango gare shi kuma ya gan shi a hannun wani malami a Gwadabawa. Akwai mai zuwa don fanka kawai. Duk na yi musu aiki. Amma waɗanda suka fi ba ni wahala ba masu karatu ba ne, masu buga littattafai ne. Ƙananan maɗaba'unmu na nan ba su damu da sa shekara ba. Wani ba ya sa sunan garin da aka buga. Wani zai sake buga littafi ya ƙara babi biyu, bai ce komai ba. Mukan rubuta musu wasiƙa muna tambaya, mu jira wata uku, amsa ta zo ko kada ta zo. A lokacin, a ɗakin baya akwai tarin littattafan da ke jiran kati, tsayinsa ya kai ƙirjina, kuma bai taɓa raguwa ba.

Saboda haka da aka zo da maganar haɗa kai tsakanin laburarori da masu bugu, ni ne na fara cewa madalla. Ga yadda abin yake, ga wanda bai riga ya gane ba. Kowane littafi yana da doguwar lamba a bayan bangonsa, wadda ake nufin tasa ce shi kaɗai a duk duniya. Mai bugu zai zuba bayanan littafinsa a rumbu guda a intanet, ƙarƙashin wannan lamba: suna, marubuci, shekara, yawan shafi, abin da yake magana a kai. Kowane laburare da ke cikin haɗin sai ya buga lambar, bayanan su sauko masa. In wani ya ga kuskure ya gyara, gyaran ya isa ga kowa. An kuma roƙi masu bugu su zuba har da tsofaffin littattafansu. Abu ne mai kyau, kuma har gobe ina cewa mai kyau ne. Tarin ɗakin baya da ya gagare mu shekara ashirin, cikin damina ɗaya ya ƙare.

Sai mummunar shekara ta zo.

Abubuwa uku suka haɗu. Na ɗaya, rufin babban zaure ya fara yoyo, aka ce za a sake shi, don haka aka sauke littattafai duka daga kanta aka jera su a ƙasa a ƙaramin zaure. An jera su ne bisa lambar shiga, wato ƙaramar lambar da mu muke buga wa kowane littafi da hatimi ranar da ya shigo gidan nan. Na biyu, aka ce a mayar da tsohon katalogi duka cikin kwamfuta kafin manya su zo buɗe sabon zaure. Ba a ba mu lokacin karanta komai ba. Mutum ɗaya yana karanto lambar shiga da lambar bayan bango, wani yana bugawa, bayani yana saukowa daga rumbu, a wuce na gaba. Na uku, aka ba da umarni cewa duk littafin da muke da shi fiye da kwafi biyu, a ware sauran a kai makarantun ƙauye kyauta, don a sami wuri. Kwamfuta ce ta fitar da jerin waɗanda za a ware. Masu ɗauka kuma da lambar shiga suke ɗauka, ba sa duba suna. Lokacin Mista Bulus ya daɗe da komawa Zuru, ni ne shugaban sashe. Sa hannuna ake jira.

Ina tuna layin. A shafi na goma sha wani abu yake. Littafin lissafi na 'yan firamare, bugun wata ƙaramar maɗaba'a ta Ƙofar Kware, kwafi bakwai, a bar biyu a fitar da biyar. Na tsaya a kansa. Na san littafin, kuma uku na sani, ba bakwai ba. Azumi ake yi, cikin bazara, babu wuta, an ce ƙarfe huɗu za a kashe janareta, motar da za ta kwashi kwalaye kuma tana waje direba yana ta leƙowa. Daga kujerata zuwa inda littattafan suke jere taku ashirin ne. Na ce a raina wataƙila an ƙaro huɗu lokacin da nake hutu. Na sa hannu.

Shekara biyu babu abin da ya faru. Manya suka zo suka yanke ƙyalle, aka yaba mana. Aka ce a fitar da akwatin kati a ƙone, na ce sai dai bayan na bar aiki, aka gaji da ni aka tura shi lungun sito.

Wata ranar Laraba da hantsi na ji ana ɗaga murya a teburin karɓar baƙi. Na fito na tarar da wata mace mai kimanin shekara arba'in, da jakar malaman makaranta a kafaɗa. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta juyo mata fuskar kwamfuta tana cewa, "Hajiya, ki duba da kanki. Babu shi. Ba mu taɓa samun shi ba."

Matar ta ce, "Ɗiyata, kwamfutarki ba a haihe ta ba sadda littahin ga yash shigo nan. Babana da hannunai yak kawo shi. Ina aji huɗu, ni nar riƙo mai jaka."

Na ce ta zo ofishina ta zauna. Sunanta Malama Luba, tana koyarwa a wata firamare a Minanata. Mahaifinta, marigayi Malam Isa, shi ma malamin makaranta ne, amma ɗan gidan majema ne, masu gyaran fata. Ya yi shekaru yana zama da tsofaffin gidansu yana rubuta yadda ake aikin, tun daga jiƙa fata da toka, da cire gashi, da jima da bagaruwa, har zuwa rini. Ya buga littafin da kuɗinsa, kaɗan, ya rarraba. Na gidansu ruwa ya ci shekarar da ambaliya ta shiga Runjin Sambo. Waɗanda aka ba aro ba su dawo ba. Tsofaffin da ya yi hira da su babu ko ɗaya a raye. 'Yan'uwanta da ke kan sana'ar har yanzu suna son komawa ga jan rini irin na da, na karan dafi, wanda ba ya koɗewa, don masu saye sun fara tambayarsa, amma babu wanda ya riƙe ma'aunin haɗin. Yana cikin littafin. Tana so ta ɗauki hotonsa a sake bugawa.

"Na zagaya ko'ina, Malam," in ji ta. "Nan kaɗai yar rage."

Na ce ta biyo ni. Na kawar da kofunan shayi, na jawo aljihun akwati. Katin yana nan, kuma harafin nan mai tsalle ya gaya mini wanda ya buga shi. Sunan Malam Isa, sunan littafin, maɗaba'ar Ƙofar Kware, shafi tamanin da takwas, da zane-zanen hannu, tsayi santimita ashirin da ɗaya. A ƙasa na rubuta: kyautar marubuci. Na kwafi lambar shiga na koma kan kwamfuta na buga. Abin da ya fito shi ne littafin lissafi na 'yan firamare, an ba da shi kyauta ga makarantu. Na buɗe fayil na nemo jerin. Ga layin, ga sa hannuna a ƙasan shafi.

Na ce mata, "Malama, gaskiyarki. Littafin ya shigo gidan nan, kuma ni na fitar da shi."

"Saidawa kunka yi?"

"A'a. Kyauta aka bayar, bisa kuskure."

"To a amso shi mana."

Na ce zan nema. Ta dube ni, ta dubi katin, ta ce, "Baba ya kan ce abin da anka kai laburare ya hi abin da anka binne tsaro." Ta bar mini lambar wayarta ta tafi.

Washegari na tafi Ƙofar Kware. Mai maɗaba'ar, Alhaji Shehu, dattijo ne mai fara'a, na same shi zaune a benci a ƙofar shago, injin yana ta ƙara a ciki ana buga katin biki. Bayan mun gaisa na ɗauko littafin lissafin na nuna masa lambar baya. Na ce, "Alhaji, lambar nan ta wane littafi ce?"

"Tawa ta," in ji shi. "Ni nat tahi da ƙahwata na amso ta, tun kana saurayi."

"Na sani. Amma littafi nawa ka sa wa ita?"

Ya yi dariya. "Duk abin da yah hita shagon ga mai bango. Har kalanda na taɓa sa ma ita, don ta yi kyau."

Na ce, "Alhaji, kowane littafi da tasa lambar. Kamar mota ce. Mota guda, lamba guda."

"To ai injina guda na, Malam Umaru. Mi za ni yi da lamba ɗari?"

Shi a saninsa lambar shaidar maɗaba'arsa ce, kamar lambar da hukuma ke rubutawa a ƙofar shago. Babu wanda ya taɓa gaya masa ba haka ba ne, kuma shekara da shekaru babu abin da ya ɓaci, don mu muna karanta littafi ne, ba lamba ba. Da aka ce masu bugu su zuba bayanansu a rumbu, ɗansa ya buga lambar, aka ba shi gurbi ɗaya, ya tambayi uban wane littafi za a sa. Alhaji ya ce a sa na lissafi, shi ya fi fita. Daga ranar duk littafin da ya taɓa fitowa daga shagon nan ya zama littafin lissafi, a wurinmu da kowane laburare da ke sha daga rumbun. Bakwai ɗin da na sa wa hannu, uku ne na lissafi. Sauran huɗun, ɗaya na waƙoƙin wa'azi ne, ɗaya na kiwon lafiyar jarirai, ɗaya na tatsuniyoyi, ɗaya na Malam Isa.

Na tambaye shi ko yana da sauran kwafi. Ya ce, "Allah shi jiƙan Malam Isa, mutumin kirki. Ranar da anka gama ɗinki yaz zo da amalanke yak kwashe abinai duka. Ko na gani da ido ban aje ba." Da na gaya masa abin da ya faru, fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Ashe ni na ɓad da shi." Na ce a'a. Shi ya sa lamba inda bai kamata ba, amma shi bai san aikin ba. Ni na sani.

Takardar rabon kwalaye ta nuna makarantu tara, da yawan kwalin da kowace ta samu, amma ba ta nuna wane littafi ke cikin wane kwali ba. Na ɗauki hutuna na shekara, na hau babur. Kullum makaranta ɗaya, in na samu hanya biyu. Na yi wajen Bodinga, na yi wajen Dange, na yi Wamakko. A wata makarantar na tarar an jera littattafan a kanta, yara suna karantawa, har sun yi laushi don amfani, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. A wata kuwa kwalayen suna ofishin hedimasta ba a ko yanke igiyarsu ba, an shimfiɗa musu darduma ana zama a kai. A can na sami na waƙoƙin wa'azi. A ta biyar na sami na tatsuniyoyi ba bango. Kowane kwali sai na zazzage shi, na duba hatimin kowane littafi, na mayar. Gwiwoyina ba su sake komawa daidai ba tun daga wannan hutun.

Makaranta ta bakwai tana bayan Kware, kusa da fadama. Hedimastan ya karɓe ni da mutunci, ya aika aka nemo mabuɗin sito. Yana buɗewa yana cewa, "Mun aje su da kyau, ranka shi daɗe, sai an gina muna laburare. Ba mu bari yara sun taɓa ba." Ɗakin ƙasa ne, kwalaye uku a kan daɓe ba ko katako a ƙarƙashinsu. Tun daga ƙofa na ga hanyar gara ta hau jikin bango. Kwali na farko da na ɗaga, gindinsa ya zauna a ƙasa. A na biyu, can ƙasa, na ga bango ruwan ƙasa da zanen fata a shanye. Fuskarsa lafiya lau, kamar jiya aka buga. Na sa hannu biyu na ɗago shi, bayansa ya zube kamar garin tuwo.

Na zauna a bakin ƙofar sito na ƙirga, yadda aka koya mini. Shafi na ɗaya zuwa na arba'in suna nan, gefensu kaɗai aka ɗan taɓa. Daga arba'in da ɗaya babu komai. Hedimastan yana tsaye yana ta salati. Na ce ya sa a fitar da sauran kwalayen rana, ya raba wa yara su karanta, ko yagawa suka yi ya fi.

Na kai wa Malama Luba a makarantarsu lokacin hutun tara, a nannaɗe cikin jarida, tare da katin. Ta buɗe a hankali. Ga rubutun mahaifinta a shafin farko, inda ya sa hannu ya ba laburare. Ta wuce zuwa shafin da ke jera babi-babi, ta bi da yatsa. Jiƙo, cire gashi, jima, duk suna cikin abin da ya tsira. Rini ya fara daga shafi na arba'in da bakwai.

Ta ce, "Kati ya ce tamanin da takwas."

Na ce, "Arba'in na kawo."

Yara suna ta ihu a fili. Can ta ce, "To. Ko ba komi mun san yawan abin da munka rasa." Ta tambaye ni makaranta nawa na je, na gaya mata. Ta ce, "Sannu da wahala, Malam." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako guda ta dawo da shi, ta riga ta ɗauki hoton shafukan. Na ce ta riƙe, nata ne. Ta ce, "Laburare Baba yab ba, ba ni ba. Ku aje shi. Amma wanga karo ku rubuta sunanai."

Na rubuta. Na ɗauke shi a hannu, na buɗe shafin suna, na juya baya, na auna da rula, kamar ban taɓa ganinsa ba. Na shigar da shi rumbu da sunansa da na marubucinsa, ba tare da lambar Alhaji ba, na ƙara da cewa namu ya tsaya a shafi na arba'in, duk wanda ke da cikakke ya sanar da mu. Na koma wurin Alhaji Shehu sau huɗu muka zauna da ɗansa muna jera littattafan da ya taɓa bugawa. Ya tuna ashirin da 'yan kai, sauran ya ce Allah ya sani. Na rubuta wa masu kula da rumbun, suka sa gargaɗi a kan lambar. Na kuma rubuta wa kowane laburare da ke cikin haɗin, na ce duk mai littafin lissafin nan a katalogi ya je kanta ya duba da idonsa ko lissafin ne da gaske. Uku suka amsa. Ɗaya ya ce ya duba kwamfuta, lissafi ne.

Malam Isa ya rarraba littafinsa da hannunsa, kuma mutum ne mai son laburare. Ina kyautata zaton akwai cikakken kwafi a wani gari, yana zaune a kanta da sunan lissafi a kansa. Rumbu ba zai nuna shi ba. Ba zai fito ba sai ranar da wani ma'aikaci ya tashi daga kujerarsa. 'Yan'uwan Malama Luba har yanzu da rinin kanti suke aiki. Takan kira ni bayan kowace salla, mu gaisa, ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai.

Ga abin da na bar muku. Ku yi amfani da rumbu, ba na son in ji an ce Baba Kati ya hana. Abin da mai bugu ya aiko ku karɓa da godiya, ya rage muku aikin wata uku. Amma ku ɗauke shi kamar katin sabon ma'aikaci: bisa sanda yake, bai sauka ba sai kun riƙe littafin a hannu kun ga sunan da ke fuskar kwamfuta shi ne a shafin ciki. In kun gyara, ku mayar da gyaran rumbu, don na wani garin ya huta. Kowace safiya wani daga cikinku ya buɗe saƙonnin sashe ya duba ko an amsa maganar littafin majema. Lambar Malama Luba tana manne a cikin murfin aljihun teburina na sama. Mabuɗin akwatin kati yana wurin shugaba, kuma ku nemi wani wurin ajiye kofunanku.

Littafin yana kanta ta goma sha ɗaya, layi na biyu daga ƙasa, cikin farar ambulan. Wanda ya yi maganar ran Talata, na san muryarsa, shi zai fara zuwa ya ɗauko shi ya ƙirga shafukan. Ba nisa. Daga teburin da za ku zauna zuwa kanta mafi nisa a gidan nan taku sittin da huɗu ne. Na ƙirga.